Takardar Lauyoyi a Unguwar Rogo

Shagona taku shida ne, in ka cire gurbin janareto.
Talabijin huɗu, benci biyu,
sai sanyin Jos da ke shigowa ta ƙasan ƙofa ba sallama.
Naira ɗari biyu, minti goma,
wanda aka ci shi ke biya.

A nan Sagir ya share wata takwas
yana feɗe wasan ƙwallon kamfani kamar mahauci.
Ya zare muryar mai sharhinsu,
ya dasa ta kawunsa Talle, direban tifa,
wanda in an ɓarar da ƙwallo yake cewa,
"Kai! Wannan ƙafa ce ko muciya?"
Ya jera duwatsun Shere a bayan raga,
ya saka wa 'yan wasa rigar layinmu, ruwan ɗorawa,
har da facin da ke hammata.
Ya ɗora a intanet, kyauta.
Daga Gangare har Bukur aka kwana ana dariya.

Sai ga takarda a wayarsa.
Shafi goma sha ɗaya, Turanci mai ƙaya,
sunayen lauyoyi uku a sama kamar angulaye kan katanga.
Rifkatu, mai karatun shari'a, ta karanta mana a tsaye:
haƙƙin mallaka, kwana bakwai,
in ba haka ba kotu, da tarar dala
da ko an sayar da layinmu har rijiya ba za ta biyu ba.

Shago ya ɗauki zafi.
Mudi ya ce, "Yau suka san da mu?
In ka je saye, katinmu ba ya shiga.
In ya shiga, kuɗin gem ɗaya buhun masara ne.
Wanda ka saya bara, bana su kashe shi daga can,
su ce aro ne dama, ba ka karanta ba?
Ba su taɓa kawo mana ko fosta ba,
amma lauyansu ya san hanyar Unguwar Rogo."

Gyang, da ke zanen allon shaguna,
bai ɗago daga maɓallansa ba.
Ya ce, "Ciyawar filin nan wani ne ya zana ta,
tsinke-tsinke, ƙila bai ga 'ya'yansa ba wata guda."
Mudi ya ce, "Shi ɗin ma sun sallame shi.
Kai mai zanen kake karewa, ko mai jirgin ruwa?"
Nefa ta ɗauke wuta. A duhu aka ƙarasa musun.

Dare na shida Sagir ya goge.
Ina kallon yatsansa, ya daɗe a sama
kamar mai shirin yanka kazar da ya raina.

Bayan sati biyu na shiga Dilimi neman waya,
na ji Kawu Talle yana ihu daga wata rumfa:
ƙafa ce ko muciya!
Filas ɗaya dubu uku, an kankare sunan Sagir,
an rubuta na wani Oga Sambo Dijital.
Da na faɗa masa, ya miƙe har benci ya kife:
"Ɓarayi! Gumina ne! Wallahi sai na kai ƙara!"
Gyang ya yi dariya har da tari.
Laifi tudu ne, in ji shi,
mu kuwa a garin tuddai aka haife mu.

Ban san wa zan ba gaskiya ba.
Ni ma abin da ke cikin injinana
kada ka tambaye ni rasit.

Jiya sabon na bana ya fito.
Mun zage su tun daga asuba,
da la'asar muka yi karo-karon kuɗin data.
Yana sauka, kashi sittin da ɗaya, a hankali,
Sagir na zaune gaba, hannu cikin rigar sanyi,
ya kashe sautin tun kafin a fara.
In an ɓarar da ƙwallo, mu za mu faɗa da bakinmu.